Sitt Afaf da Wayar Lasifika

Shekara talatin da ɗaya ke nan, kafin mai sayar da ful, dafaffen waken karin kumallo, ya sauke tukunyarsa, Sitt Afaf Girgis ta buɗe ɗakin awon ciki na asibitin ƙauyenmu, kudu da birnin Sohag. Ta yi shara, ta ɗora shayi, ta jera mata a benci. Kowace da sunan ɗanta take kiranta: Ummu Hamada, Ummu Mina. Haka muke a nan. Namiji ya gwammace a mare shi da a faɗi sunan matarsa a bainar jama'a.

Bara gwamnati ta ware miliyoyi don mayar da aikin asibitoci kan kwamfuta. Ba mu ƙi ba. Amma masu tsara abin a Alƙahira ba su taɓa zama a bencinmu ba. Suka kafa allo da lasifika, na'ura tana rangaɗa cikakken sunan mace har 'yan gidan shayi na tsallaken titi suna ji. Kafin wata guda benci ya zama wayam.

Cikin waɗanda suka ɗauke ƙafa har da Ummu Hamada, mai cikin wata takwas, ga hawan jini. Mijinta Rifa'i ya rantse ba za ta koma ba, don samari sun mayar da sunanta abin tsokanarsa.

Sau uku Sitt Afaf tana rubuta wa hukuma, shiru kamar an shuka dusa. Ta sami likita, ya ce, "Umarni ne daga sama, Sitt Afaf. Kuɗi fa aka kashe."

Ta ce, "To kuɗin ne zai haihu, Dakta?"

Ta zagaya bayan allo ta fizge wayar lasifikar, ta bi Rifa'i har gonar rake.

"Ni na yanke maka cibiya, kada ka yi min muzurai. Na toshe bakin na'urar. Ka kawo ta yau da ƙafarta, ko a ɗauke ta a makara."

Ya kawo ta. A ranar aka wuce da ita Sohag, aka yi mata aiki. Uwa da 'ya suna nan lafiya.

Ladan Sitt Afaf kuwa? Takardar gargaɗi, wai ta taɓa kayan gwamnati, aka kuma danne mata ƙarin girma. Da wannan tabon za ta yi ritaya ranar Alhamis, waɗanda suka kafa lasifikar kuma an ba su lambar yabo. Wallahi abin yana ci min rai.

Sitt Afaf, ke ce mai rufa asirin mata, ke kika san na'ura don mutane aka sayo ta. Mun gode, Allah ya saka miki.

Na ji an ce ranar Asabar za a mayar da wayar. Ke kuma da za ki gaji Sitt Afaf, ki duba bayan allo ta hannun hagu. Baƙar wayar ce.