Ranar da Lauratu Ta Sauya Kiɗa

Lauratu 'yar Abeshe ce. Aikin hajji ya kawo ta daga Cadi, aure ya zaunar da ita a unguwar Harra ta Yamma, can ƙasa mai tsarki, da mijin ya rasu kuma kiɗa ya riƙe ta. Ita da ƙanwarta Zenabu suke buga duffi, wato mandiri, a bukukuwan mata, su yi waƙa da Larabci, in gidan Hausawa ne su haɗa da ƙwarya.

A shekarar dubu biyu da uku 'yarta Mimi ta zo da wani kaset daga Jidda. Hargowa ce zalla: gita na kururuwa, ganga na gudu kamar an koro ta, sai kuma kakakin mutanen Meziko ya ratso da wani irin daɗi.

"Wannan kuma wace masifa ce?" in ji Lauratu.

"Kiɗan pank ake ce masa, yumma," Mimi ta amsa wa uwar, ta ƙarasa da Larabci cewa 'yan mata sun gaji da kiɗan tsofaffi.

Maganar ta soki Lauratu, don ta san gayyata ta yi ƙaranci. Ta riƙa kunna kaset ɗin in Mimi ta tafi makaranta, tana bin gudun gangar da duffi, Zenabu na maye gurbin kakakin da shantu.

Aka kira su walimar suna a unguwar Al-Khalidiyya, gidan wani likita. Uwarsa, Hajiya Hawa, ta tare su a bakin ƙofa. "Duffi da yabon Annabi kawai. Maƙwabtanmu ba sa wasa, wallahi."

Bayan la'asar suka fara. Manya na gyangyaɗi, 'yan mata suka soma zamewa ɗaya bayan ɗaya. Lauratu ta dubi Zenabu.

"Yaya, kada ki yi," Zenabu ta raɗa mata. "In aka kai ƙara, iƙamarmu ta zama a ƙasar nan ce za ta tafi."

Lauratu ba ta sauya baiti ko ɗaya ba, hannunta kawai ta saki. Duffin ya ɗauki gudu, muryarta ta tashi har ta dushe. Zenabu ta ciro shantu daga jaka. 'Yan matan suka dawo da gudu, falo ya ɗauka.

Sai aka buga ƙofa da ƙarfi.

Kiɗa ya tsaya cak. Hajiya Hawa ta ja mayafi ta fita. Suna jin muryar wani maƙwabci yana faɗa, ita kuma tana ta ba shi haƙuri, "ma'alesh, ma'alesh".

Da Hajiya ta dawo, ba ta dubi kowa ba sai Lauratu.

"Na ce masa jikana ne na fari. Ku tattara kayanku."

A bakin ƙofa wata matashiya ta riƙo hannun Lauratu, ta ce bikinta watan gobe ne, a wata gona can bayan gari, inda babu maƙwabci. Gidan likita kuwa ba su sake kiran ta ba.