Littafin Awon Matan Zumunta

Bari in tona wa kaina asiri: wautar da na tafka ina saurayi, ko ɗan akuya ba zai yi ta ba. Har yau in na ji ƙamshin sabuwar atamfa sai gabana ya faɗi.

Shekarar da soja suka fara mayar wa farar hula mulki, idon kawuna ya gaza, ya bar mini keken ɗinkinsa a unguwarmu Narayi. Shi da igiya yake awo: ya zagaya mutum, ya ƙulla, ya rataye a ƙusa. Ni kuwa na ga telolin Kakuri da tef a wuya, biro a kunne, na ce ashe haka gwanaye suke. Na zubar da igiyoyin, na sayo tef da ƙaton littafi. Alhali aji biyu na yi a firamare, rabinsa a kan bishiyar mangwaro.

Ana tsakiyar damina sai ga matan zumunta su goma sha ɗaya, da atamfar anko ta bikin buɗe cocinsu. Shugabarsu, tsohuwar malamar makaranta, ta ce, “Ɗana, ka dai iya ko?”

Na ce, “Haba Mama, a Legas fa na koya.” Ko Gonin Gora, nan bakin gari, ban taɓa wucewa ba.

Na murtuke fuska ina awo, ina zana ƙugiyoyi a littafi kamar likita. Da suka tafi na buɗe, sai ka ce kaza ta bi ta laka. Atamfar ba ta da rara, biki saura kwana tara. In kira su a sake awo, Legas ta rushe. In gaya wa kawu, da wane baki? Kwana uku ina zaune da almakashi, ruwa na dukan kwano, na kasa yanka. Na koma laɓewa a bakin rijiya ina auna su da ido, har mijin ɗaya ya biyo ni da taɓarya.

Na dai yi bismilla na yanka. Ran biki siririyar cikinsu ta nutse a riga, Mama kuwa hannu a manne ta yi waƙa, don in ta ɗaga, hammata za ta yage.

Yanzu yaran shagona a waya suke ajiye awo, ba mai jin kunyar cewa bai gane ba. Mama ta daɗe da rasuwa, ban kuwa taɓa amsa abin da ta faɗa mini washegarin bikin ba, da rigar a hannunta:

“Tun ranar na ga ba rubutu kake yi ba. Ina tsaye a kanka, ɗana. Me ya hana ka ce in rubuta maka?”