'Yar Da Na Haifa Tana Kirana Anti

Edita, na daɗe ina karanta labaran mutane a wannan shafi, yau dai na ce bari in sauke nawa, ko wata uwa ta ji ta gyara. Lokacin da abin ya faru ina 'yar shekara sha shida, muna zaune a Barkin Sale, aiki ne ya kawo iyayena Minna daga kudancin Kaduna. Ni ce mai ɗaga waƙa a ƙungiyar mawaƙan cocinmu, ga rawar kai ga baki, amma a kan jikina ban san komai ba. Ranar da na fara al'ada Mama ta miƙo mini audugar mata, ta ce daga yau in namiji ya taɓa ni sai ciki, ta juya ta ci gaba da tankaɗenta. Iyakar karatun ke nan. To ni kuwa kullum kafaɗata na gugar ta maza a keke napep ban ga ciki ba, sai na ɗauki zancen tsoratarwa ce irin ta iyaye.

Mama ce shugabar zumuntar mata. A cocinmu in yarinya ta yi ciki ba aure, sai a kira sunanta ranar Lahadi a gaban jama'a, a sa ta horo, ta koma zama a bencin baya har dattawa su gamsu ta tuba. Mama ce ke kama hannun yarinyar ta kai ta bencin nan, fuska a murtuke, in mun dawo gida kuma ta yi ta yankar uwar yarinyar, wai ba ta iya tarbiyya ba.

Wanda ya yi mini cikin shi ne mai kaɗa mana jita, ya girme ni nesa ba kusa ba. Daga rakiya bayan koyon waƙa sai ga ni a ɗakinsa. Ya ce mini ba a ɗaukar ciki a karon farko, in kuma ina tsoro in sha ruwan gishiri da lemun tsami. Na sha kuwa, kamar sakarai, har cikina ya yi ta murɗa. Da na gaya masa al'adata ta ɗauke, ya kalle ni sama da ƙasa ya ce ai ba shi kaɗai ke raka ni ba. Ba a jima ba aka ce ya sami aiki a Abuja. Har liyafar bankwana aka yi masa, ni ma ina cikin masu waƙa.

Yawan tofar da yawu ne ya tona mini asiri. Mama ta rufe ƙofa ta dake ni har ta gaji, ba ta tambaye ni ko wane ne ba, ba ta tambaye ni yadda nake ji ba. Abin da take ta maimaitawa kawai shi ne ita ba za ta kai 'yarta bencin nan mata su yi mata dariya ba. Washegari aka kai ni wurin gwaggona a Maikunkele, aka ce wa mutane na tafi ƙauye jinyar kaka. Can na zauna ina ɓarar gyaɗa a bayan ɗaki, in baƙo ya yi sallama in ruga ciki, har na haihu a wani ƙaramin asibiti. Mace ce.

Ko cibiya ba ta gama warkewa ba Mama ta zo da shirinta. Za ta wuce gida da jaririyar, ta ce marainiya ce ta dangi, uwarta ta rasu wurin haihuwa, ni kuma in biyo baya in koma makaranta. Na durƙusa na riƙe ƙafarta, na ce a kai ni bencin, na yarda, ko shekara nawa ne zan zauna, a bar mini 'yata. Ta zare ƙafarta ta ce, “Ke kin yarda. Ni ban yarda ba.”

Lahadin da na koma coci ba zan manta da ita ba har in mutu. Fasto ya kira Mama gaba ya yabe ta, wai ga uwar marayu, mata suka yi ta guɗa, ana kawo sabulu da gwangwanayen madara. Ni ina tsaye cikin mawaƙa, na ɗaure ƙirjina tamau da ɗankwali a ƙarƙashin riga. Sai yarinyar ta tsala kuka a bayan Mama, nan take na ji nono ya tsatso ya jiƙa mini gaban riga. Mama ta waigo ta yi mini kallo ɗaya. Na ɗaga littafin waƙa na tare ƙirjina na ci gaba da rerawa, ina kallo wata mata ta karɓi 'yata ta cusa mata bulumboti. A ranar na tsani uwar da ta haife ni, Allah ya gafarta mini.

Na gama makaranta, yanzu ina koyarwa, kuma Mama ba ta gajiya da tuna mini cewa ita ta rufa mini asiri. Yarinyar ta taso tana kiranta Mama, ni kuma Anti. Kwanakin baya ta fara al'ada, ina tsakar gida na ji Mama ta miƙa mata auduga ta faɗa mata maganar nan dai da ta faɗa mini, ko kalma ba ta sauya ba. Na ja yarinyar ɗaki na zaunar da ita, na gaya mata komai ba kwana-kwana: yadda ciki ke shiga, cewa sau ɗaya ma ya isa, cewa gishiri da lemun tsami ƙarya ne, cewa duk babban da ya ce ta ɓoye zancensu macuci ne ko da shi ke jan addu'a, kuma in abu ya faru ta zo wurina mu je asibiti, ba zan dake ta ba. Ta yi ta wasa da bakin zanenta, can ta ɗago ta ce, “Anti, da mamata tana da rai, ita za ta gaya mini wannan, ko?” Na ce mata e.

Iyaye mata, don Allah ku cire kunyar nan ku yi wa 'ya'yanku bayani dalla-dalla, mata da maza, tun kafin wani ɗan iska ya riga ku da nasa bayanin. Abin da kuka kasa faɗa, ku kai su wurin ma'aikaciyar lafiya ta faɗa musu. In kuma ƙaddara ta riga ta faɗa, kada tsoron bakin mutane ya sa ku yi abin da ya fi cikin muni. 'Yan mata, ku kama kanku, in an matsa muku ku yi magana. Ni ban taɓa zama a bencin baya ba, sunana fes yake a coci. Amma kowace shekara in an zo addu'ar tunawa da waɗanda suka rasu, 'yata kan tashi ta ambaci mahaifiyarta, ni kuma ina zaune a gefenta ina cewa amin.