Ranar da Jirgin Alhaji Ya Yi Tsere da Jaki

Ko na tsufa har na mance sunan jikokina, ba zan mance shekarar da maigidana ya sayo jirgin ruwa a Tamanraset ba. E, Tamanraset, garin da ko ruwan wanka sai an yi dabara.

Wani Anasara ne ya jawo shi da mota a kan amalanken ƙarfe mai taya biyu, wai zai kai shi kogin Yamai. Mota ta mutu, zuciyarsa ma ta mutu, ya nemi wanda zai raba shi da kaya. Duk 'yan kasuwar garin suka yi dariya suka wuce, sai nawa Alhajin. Na fito da safe zan hura wuta a ƙofar gida, a unguwar Gata'al Wad, inda nake sayar wa leburorin gini waina da miya, sai na tarar da wani farin abu kamar ƙwaryar aljanu ya cinye wurin kaf. Tsoho ne, fentinsa ya kokkoɗe, ga doguwar sanda kwance a bisansa.

Na ce, "Alhaji, mene ne wannan?"

Ya ce, "Arziki ne, Hajiya. Iska ke tura shi, ba ya shan mai."

"To ni ina zan sa murhuna?"

"Ki ɗan matsa."

Na matsa, na koma jikin bango cikin rana. Masu ciniki suka fara raguwa, don ba wanda zai yini yana ɗaukar bulo ya zo kuma ya ci abinci rana na dukan ƙeyarsa. Wurin nan shi ne abincina, kuma ba gado na yi ba, da hannuna na share shi.

Shi kuwa Alhaji ya samu abin yi. Kullum bayan la'asar abokansa sun kewaye jirgi da butar shayi. Anasaran ya gaya masa cewa abu uku ake dubawa a san gudun jirgi: tsawonsa, nauyinsa, da faɗin ƙyallen da iska ke turawa. In ƙyalle ya yi faɗi, nauyi ya yi kaɗan, sai gudu. Lokacin ban shiga lekkol ba, wato makarantar manya, sai daga baya na koyi lissafin rabawa, amma ko a lokacin na san maza sun samu abin ɓata yini. Suka auna tsawo da kamu, kowa hannunsa daban, aka yi ta gardama. Wani abokinsa Ba'abzine, mai raƙuma, ya zagaya shi yana bubbuga cikinsa, ya leƙa ƙasa ya ga wani ƙaton ƙarfe a manne.

Ya ce, "Alhaji, ga ciwon nan. Wa ke ɗaura wa raƙumin tsere dutse a ciki?"

Duk suka ce wallahi gaskiya ne. Mu mutanen hamada abin da muka sani ke nan: in kana son sauri, sauke kaya. Aka kira mai walda, ya kwance ƙarfen, ya liƙe wurin. Alhaji ya dawo yana murna wai yanzu jirginsa ya fi na Anasara gudu.

Ni dai na gaji. Na tsaya gaban majalisar, hannu a ƙugu, na ce, "Kullum gudu, gudu, ni ban ga ya motsa ba. In ruwa ya zo, a gwada shi da jakin mai kawo mini itace. In jirgi ya riga jaki, na bar muku wurin. In jaki ya riga shi, a kwashe mini shi daga ƙofa."

Alhaji ya ce, "Jaki? Hajiya, kin raina ni. Na yarda, ga shaidu."

Da ƙarshen zafi aka yi ruwa a duwatsu, ƙorama ta kawo, ta wuce, ta bar wani dogon tafki a bayan unguwa, zurfinsa iya ƙirji. Leburorina suka tura amalanken har can, rabin unguwa na biye. Aka ce wani icen ƙaya da ke can ƙarshe shi ne iyaka, jirgi ya bi ta ruwa, jaki ya bi ta bakin tafki. Alhaji ya hau da babbar riga mai sitaci, Ba'abzinen ya hau da rawaninsa, aka tayar da sanda, aka ja ƙyalle sama. Gaskiya ya yi kyau, har gabana ya faɗi.

Iska ta zo ta cika ƙyallen. Jirgi bai yi gaba ba, bai yi baya ba. A hankali, cikin ladabi, ya kwanta a gefe ɗaya kamar tsohuwa ta gama cin tuwo. Alhaji ya zame ya faɗa tsundum, Ba'abzinen ya bi shi yana salati da harshensu Tamashek. Suka miƙe jajawur da laka, hula na yawo a kan ruwa. Ashe ƙarfen nan shi ke riƙe jirgi a tsaye.

Na juya in yi guɗa, sai na ga jakina ko taki bai yi ba. Ya samu ruwa, ya dasa baki.

Alhaji daga cikin tafki ya ɗaga hannu yana tofar da laka: "Ba wanda ya ci! Jakin ma bai tafi ba!"

Na ce, "Haka ka ce?" Na ɗaure zanena tamau, na kama kunnen jaki, na ja, ya turje, na koma baya na sa kafaɗa a gindinsa. Ina turawa ina zaginsa, leburori na ihu, "Inna, saura kaɗan!" Haka muka isa icen ƙayar, ni da shi, ban san wanda ya fi wani haki ba.

Washegari aka ja jirgi bayan shagon Alhaji, inda awaki ke kwana cikinsa har yau. Ƙyallen kuwa na ce ladan jaki ne, na karɓe, na kafa rumfa da shi. Ba a taɓa yin inuwa irin tata a unguwar ba, ciniki ya dawo har ya fi da.

Abin da na koya shi ne, kafin ka cire abin da ya yi maka nauyi, ka tambaya me yake riƙewa. Duk ranar da Alhaji ya ce faɗana ya yi masa yawa, nakan nuna masa rumfar in ce, "Ka dai tuna da ƙarfen jirgi." Sai ya ce a ƙara masa miya.