Kurtun da Ya Ƙi Haye Gada

A shekarun da wayar hannu ta fara yawa a Zuru, ɗana na biyu, wanda yake soja, ya dawo daga aikin kwantar da tarzoma a ƙasar waje, aka ba shi hutun sati biyu. Ya kawo mini zane, ya kawo wa ubansa takalmi. Ya kuma zo da wani baƙin abu mai gilashi a tsakiya, maɓallai dama da hagu, tsawonsa bai wuce tafin hannu biyu ba. Ya ce 'yar kwamfuta ce ta wasa, gem suke ce mata, kuma a cikinta akwai yaƙi.

Ni ubana ya sa kaki, na auri soja, na haifi sojoji. Amma ban taɓa zaton za a kawo mini yaƙi har tsakar gida a aljihun wando ba.

Ya zaunar da ubansa a gindin mangwaro yana nuna masa, ina gefe ina tankaɗe. Na ji ya ce, "Baba, wannan wasan ba don ita aka yi shi ba. Na babbar kwamfuta ne, wani abokina ya cusa shi ciki, ya fi ƙarfinta. In ka ji ta yi zafi, ka bar ta ta huta. In an zo inda mutane suka yi yawa ta fara cijewa, ka shiga nan, ka cire hayaƙi, ka cire inuwa, ka rage ciyawa. Sai ta samu sauƙi."

Maigidana, wanda duk unguwa ke kira Saje tun da ya bar aiki, ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Yaƙi ba hayaƙi? Haka ake koya muku yanzu?"

Ranar komawa bariki ɗana ya miƙa hannu a ba shi kayansa. Uban ya dubi hannun, ya dubi sama. Haka yaron ya tafi ya bar ta.

To, lokacin girbi ne, dawarmu ta nuna har ta sunkuyar da kai. Akwai wani makiyayi da muke da tsohon alkawari da gidansu tun zamanin iyaye: in an cire amfanin gona, ya saki shanunsa su ci kara, su bar mana taki. Ya zo ya yi sallama, ya sha ruwa, ya ce, "Uwargida, Asabar ta sama shanu za su iso daga wajen Bena. Duk maƙwabtanku sun kwashe, saura ku. In garken ya bazu, ban san yadda zan gaya wa saniya wace gona ce ba a gama ba."

Saura kwana goma ke nan. Dawar nan ita ce tuwonmu har wata damina.

Na je na gaya wa Saje. Bai ɗaga kai ba. Ya ce, "Gobe. Yanzu muna gada."

Bari in faɗi yadda gadar nan take, don na gan ta da idona ta bayan kafaɗarsa. Akwai wani ɗan mutum a cikin gilashin, riƙe da bindiga, shi Saje ke korawa da yatsa. A fili yana gudu lafiya lau. Amma da ya hau wata gada, sai abokan gaba su ɓullo ta ko'ina, jirage a sama, hayaƙi ya turnuƙe. Nan abin zai ɗau zafi kamar dutsen guga, ya riƙa huci ta baya. Sai ɗan mutumin ya ɗaga ƙafa ɗaya ya tsaya cak, ƙafar a sama. Kafin ya sauke ta, an harbe shi. A sake daga farko.

Da a ce Saje kaɗai ne, da sauƙi. Amma yana da abokai biyu, tsofaffin sojoji irinsa, waɗanda kowace shekara su ke taya mu girbi mu ma mu taya su. Ɗaya Kofur, mai babur. Ɗaya Kuku, wanda ya yi aikinsa duka a ɗakin girkin bariki. Na aika a kira su don dawa, suka zo, suka leƙa gilashin, suka nemi kujera.

Kafin kwana biyu an raba muƙamai. Kofur shi ke kai ta caji wurin mai janareto a bakin tasha, sau biyu a yini, don batirin ba ya kai ko dahuwar wake. Kuku aka ba shi faifaina yana yi mata fifita. Saje shi ne kwamanda.

"Fifita, Kuku, fifita! Wutar murhu ka iya hurawa, wannan ta gagare ka?"

"Oga, ai ba daga ni ba ne. Yatsanka ne ya tsufa."

"Kai da ka yi yaƙinka duka da ludayi, kai za ka koya mini harbi?"

Kofur ya ce, "A ba ni in gwada mana."

"Kofur ya karɓi kwamandanci ga Saje yana raye? Koma layi!"

Na kawo musu kunu, na durƙusa na ce, "Saje, yaron nan fa ya ce a rage mata kaya. Ko jaki in an yi masa lodin da ya fi ƙarfinsa, tsayawa yake. Ku cire hayaƙin, ku haye gadar nan, mu je gona."

Ya ce, "Uwar yara, mu da aka ɗora wa kaya muka taka daga safe har yamma, wa ya rage mana? In na haye gada ba hayaƙi, da wane ido zan dubi mutanen nan?"

Mutanen nan kuwa suka gyaɗa kai, baki cike da kununa.

Na ɗauki wuƙata na tafi gona ni kaɗai. Kwana huɗu ina yi, gwiwa tana ƙara, abin da na yanka bai kai kashi ɗaya cikin biyar ba. Tsuntsaye kuma sun gane gidan ba maza.

Ran Laraba, saura kwana uku, na dawo da hantsi ɗaukar ruwa na tarar an zauna shari'a. An ajiye gem a kan turmi, su uku sun kewaye ta.

Kofur ne ya kawo ƙara. Ya ce, "Oga, ka lura? A fili, inda ba kowa, gudu yake kamar barewa. Sai an zo inda ake wuta zazzaɓi ke kama shi. Wannan ba ciwo ba ne."

Saje ya buga cinya. "Lalaci ne da tsoro! Na san irinsu. Kurtu, sabon shiga, in ya faɗi a fareti ya ce rana ta buge shi, me muke yi masa?"

"A tsayar da shi a rana har ya saba," in ji Kofur.

Saje ya ce, "Mun lalata shi da fifita. Kullum inuwa, kullum caji, kamar ɗan hafsa."

Aka yanke hukunci: a kunna ta, a kai ɗan mutumin tsakiyar gadar, a ɗora ta kan kwanon rufin ɗakin girki daga tsakar rana zuwa la'asar, ta san zafi ba abin tsoro ba ne.

Kuku dai jikinsa bai ba shi ba, shi da ya san abin da wuta ke yi wa roba. Ya juyo ya ce, "Uwargida, ke me kika gani?"

Nan ne wurin da nake so a ji ni da kyau. Na reni 'ya'ya bakwai. Na san duk abin da ya ɗau zafi gindin randa ake kai shi, a lulluɓa masa jiƙaƙƙen tsumma. Maganar ɗana tana kunnena, kuma na san yana son abin nan. Na dubi gem a kan turmi, na dubi hanyar gona. Na ce, "Ku ne sojoji."

Ni na ɗauko tsani. Ni na riƙe wa Kofur shi har ya hau. Allah ya gani, ba zan ɓoye ba.

Da la'asar aka sauko da ita da tsumma, don hannu ba ya taɓuwa. Cikinta ya kumbura, murfin baya ya ɗage, tana warin ƙonannen takalmi. Gilashin ya yi baƙi ƙirin. Saje ya danna nan, ya danna can, ya girgiza ta, ya kira ta da wata tsawa da rabon da in ji irinta tun muna bariki. Shiru. Kuku ya cire hularsa.

Can Saje ya ce, "Ba shi da ƙwari. Kayan yanzu ke nan."

Kofur ya ce, "To wa zai gaya wa mai ita?"

"Wanda ya hau da ita."

"Oga, umarni na bi."

"Za a ce ta rasu a bakin aiki," in ji Kuku. Duka suka yarda wannan ba ƙarya ba ce.

 Na shiga na fito da wuƙaƙe uku da igiyar ɗaurin dami, na jera a gabansu inda kwanon kunu ke zama.

Alhamis da Juma'a tsofaffin nan suka yi aiki kamar ana bin su. Saje yana ba da umarni, Kofur yana jigilar dami a babur, Kuku yana kuka da ƙugunsa yana yanka. Rumbu ya cika har wuya. Amma kwana biyu ba su yi aikin kwana goma ba. Da safiyar Asabar muka ji kukan shanu, saura kusurwar da ke bakin rafi, inda zangarniya ta fi girma. Makiyayin ya yi iya ƙoƙarinsa da sanda, shi da mutanensa, amma garken ya riga ya bazu. Muna tsaye suka shiga.

Saje ya daɗe yana kallon wata farar saniya tana tauna dawarmu a natse. Sannan ya juyo gare ni, ransa a ɓace, ya ce, "Ke ma, uwar yara, da kin yi magana da wuri, ai da mun gama."

Na ce, "Haka ne, Saje." Na sunkuya, Kuku ya taya ni ɗora damin ƙarshe a ka, muka kama hanyar gida.