Sodar Mu'minatu mai sabulu

Mu'minatu ta daɗe tana haɗa sabulu a bayan ɗakinta a Kebbe, har da sana'ar ta aurar da 'ya'yanta. Ba ta taɓa mallakar sikeli ba. Tsohon gwangwanin madara ne ma'auninta na soda, man kaɗe kuwa a wurin wata dattijuwa Atu take saye.

Sodar da ake kawo mata daga Tambuwal falle-falle take. Bana sai ɗan kabu-kabu ya sauke mata wata mai ƙwaya kamar sukari, ta cika gwangwani yadda ta saba. Ba a jima ba mata suka fara zuwa da hannuwa a saluɓe. Wata ma ta buɗe mata bayan jaririnta, ya yi jawur.

Mu'minatu ta rantse hannunta bai canza ba. A gidan suna, a gaban mata, ta ce Atu ce ta gauraya mata mai da wani abu. Atu ta ɗauki takalmanta ta fita, daga ranar masu sayen manta suka ja baya.

Ƙanwar mijin Mu'minatu, Raliya, malamar kimiyya ce a wata sakandare a Tambuwal. Da labari ya kai mata, ta ce a zo da ragowar tsohuwar soda da sabuwar da gwangwanin. Mu'minatu ta hau babur ta tafi, tana ganin za a wanke ta.

A ɗakin gwaji Raliya ta sa safar hannu, ta hana ta taɓa komai. Ta cika gwangwanin da tsohuwar soda, ta shafe bakinsa, ta ɗora a sikeli. Ta juye, ta cika da sabuwar. Lambar ta haura sosai. Ta maimaita, haka dai.

"Yaya, wagga ta fi cushewa," in ji Raliya. "Mai falle tana barin iska a tsakani. Gwangwani guda na, amma sodar da kika zuba ta yi wa man yawa, ita ta ci hannun mutane."

Mu'minatu ta tambaya a hankali ko man ba shi da laifi ko kaɗan. Raliya ta girgiza kai.

A hanyar komawa Mu'minatu ba ta ji gargadar titi ba. Ba ta shiga gida ba sai da ta biya wurin Atu, ta durƙusa a bakin ƙofa, ta kasa ɗaga ido.

"Inna, na zalunce ki."

Atu ta ce ta yafe, amma a gaban mata aka faɗi maganar, a gabansu za a janye ta. A sunan da ya biyo baya Mu'minatu ta miƙe ta janye.

Sauran sabulun ta haƙa rami ta binne. Raliya ta aiko mata da ƙaramin sikeli, da shi take aiki yanzu. Wasu masu saye sun dawo. Mai jaririn har yau a kasuwa take saye, in suka haɗu a hanya Mu'minatu ce ke fara sunkuyar da kai.