Tabaran Yaya

Jiya ina gyara ɗakin Yaya na tsinci tabaransa, shekara guda bayan rasuwarsa. Lauyan masu dukiya ne, harajinsu da amanar gadonsu duk a hannunsa suke. In magana ta ba shi ƙyama, cire tabaran yake yi, ya dinga gogewa da bakin riga.

Ina zaure ranar da wani attajirin shanu ya zo daga Mai'adua, turarensa har ya danne ƙamshin furar da aka kawo. So yake a rubuta gidajensa wakafi a hannun 'ya'yansa maza, don kada 'ya'yansa mata su gaji komai.

"Barista, ai sadaka ce," in ji shi.

Yaya ya daɗe yana guga. "Alhaji, Wanda ya raba gado bai bar wa lauya gyara ba. Sha furarka."

Alhajin ya tafi Kano, ya sami mai yi masa. Ranar ta'aziyyar Yaya kuwa shi ne a tabarmar gaba, yana yabon gaskiyar marigayi, ko kunya babu.

Da na tuna fuskar Alhajin jiya, sai na ga ni ma ina goge tabaran.

Allah Ya haskaka kabarin Yaya, Ya mayar wa matan nan haƙƙinsu, ko nan ko can.